Ribar shekara ɗaya ba ta isa a yi wa asusun zuba jari shaida ba

A nan Ingila, kamfanin da ke sayar da asusun zuba jari na haɗin gwiwa, wato wanda ake tara kuɗin mutane da yawa manaja ya juya musu, ba shi da damar zaɓo shekarar da ta fi yi masa kyau ya nuna ta ita kaɗai. Takardar bayanin asusun tana jera sakamakon shekaru da dama, kowace da lambarta, har da waɗanda aka yi asara. A Amurka ma dokar SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannayen jari, ta tilasta tallan da ya ambaci riba ya nuna ta shekara 1, da 5, da 10. A Najeriya kuwa abin da ya fi yawo a talla shi ne ribar wannan watan, an rubuta ta da manyan lambobi, kuma mutane da yawa kan sa kuɗinsu a kan wannan lamba ɗaya. Ni dai ina ganin a nan kuskuren yake farawa.

Kafin a ce an ci riba, a cire hauhawar farashi. A Disamban 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Asusun da ya ba da kashi 22 a wannan shekarar ya ƙara yawan nairar mai shi, amma abin da kuɗin za su iya saya ya ragu da kusan kashi 9.5. Ga lissafin: a raba 1.22 da 1.348. Wanda ke turo fam ko dala daga waje kuma yana da ƙarin lissafi. A 2023 ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Najeriya, wato lambar da ke nuna hawa da saukar farashin hannayen jarin gaba ɗaya, ya tashi da kusan kashi 46, amma dala a farashin gwamnati ta tashi daga kusan naira 460 zuwa kusan 900. Wanda ya auna da dala ya rasa kusan rubu'in kuɗinsa a shekarar da jaridu ke yabon kasuwa.

Sai a kwatanta asusu da ma'aunin da ya dace da shi. Asusun hannayen jari a auna shi da ma'aunin kasuwar hannayen jari, asusun halal a auna shi da ma'aunin kamfanonin da suka dace da shari'a. Idan kasuwa ta hau kashi 37 asusu ya hau kashi 25, manajan bai taɓuka komai ba, ko da lambar tana da daɗin ji. Rahoton SPIVA na kamfanin S&P, mai kwatanta asusu da ma'auninsu, ya sha nuna cewa a cikin shekara 15, kusan tara cikin goma na asusun manyan kamfanonin Amurka da manajoji ke zaɓa musu hannayen jari sun kasa cimma ma'aunin S&P 500 na manyan kamfanonin ƙasar. Babban dalili shi ne kuɗin gudanarwa. Miliyan ɗaya da ke haɓaka da kashi 10 a shekara zai kai kusan miliyan 6.1 bayan shekara 20 in ana cire rabin kashi ɗaya duk shekara a matsayin kuɗin gudanarwa, amma miliyan 4.7 kacal in ana cire kashi 2.

A yi hattara da matsakaicin riba kuma. Asusun da ya hau kashi 50 sannan ya faɗi kashi 50 matsakaicinsa sifili ne, alhali dubu ɗari ta koma dubu 75. Haka nan jerin asusun da kamfani ke nunawa na waɗanda suka rayu ne kawai. Waɗanda suka gaza an rufe su ko an haɗe su da wasu, tarihinsu ya ɓace.

Kada kuma a ɗauka dogon tarihi ya isa, domin Ingila ta gani da idonta. Neil Woodford, wani fitaccen manajan asusu a nan, ya shafe fiye da shekara ashirin yana doke kasuwa kafin ya buɗe nasa asusun a 2014. Ya tara hannayen jarin ƙananan kamfanoni masu wuyar sayarwa, masu kuɗi suka yi ta neman fita, a watan Yunin 2019 aka hana cire kuɗi, daga baya aka rufe asusun. Tarihin da ya jawo mutane ya samu ne a kan wani irin kaya daban da wanda ya koma saye. Shi ya sa dole a duba shekarar da manajan yanzu ya kama aiki, a karanta manyan jarin guda goma da asusun ke riƙe da su, a kuma tambayi kwana nawa ake ɗauka kafin a biya wanda ya nemi kuɗinsa.