Thatcher: sunan mai baibaya a gidan mulki

Yawancinmu da muka taso muna jin sunan Margaret Thatcher a rediyo mun ɗauka sunan wani gidan sarauta ne, alhali kuwa asalinsa sana'a ce ta talaka. A Turanci ma'anarsa mai baibaya, wato mutumin da ke hawa jinka ya rufe ta da ciyawa ko karan alkama. Turawan Ingila sun soma gadon sunayen iyali ne bayan shekarar 1066, kuma da yawa daga cikinsu sana'a aka duba, shi ya sa maƙeri ya zama Smith, mai gasa burodi ya zama Baker. A arewacin ƙasar ana samun sunan da siffar Thacker.

Wajen furuci ne muke shan wahala, domin sautin farkon sunan babu shi a Hausa. Ana sa kan harshe tsakanin haƙora a hura iska, kamar yadda masu tajwidi ke fitar da harafin farko na kalmar "thumma". Harafin ƙarshe kuma yawancin mutanen Ingila ba sa furta shi, Amurkawa ne ke jan sa. Saboda haka ban ga dalilin yi wa dattijon da ya ce "Tacha" dariya ba, don ƙarshen sunan a bakinsa ya fi kusa da na Landan fiye da na ɗan bokon da ke kaɗa harshe.

Ita kanta ba a haife ta da sunan ba. Margaret Roberts ce, 'yar mai kanti a garin Grantham, an haife ta a 1925, ta kuma samu sunan ne da ta auri Denis Thatcher a 1951. Ta riƙe muƙamin Firayim Ministar Birtaniya daga 1979 zuwa 1990, mace ta farko a kujerar, har ta zo Kano a 1988 aka yi mata hawan daba. Ɗanta Mark kuwa ya ja wa sunan abin kunya, domin a 2005 ya amsa laifi a kotun Afirka ta Kudu kan yunƙurin juyin mulki a Equatorial Guinea.

A ganina abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda sana'ar kanta ta juya. Tun 1212 aka hana sabon rufin ciyawa a Landan saboda gobara, aka bar shi ga ƙauyawa, amma yau gida mai jinka a karkarar Ingila sai mai hali, saboda masu baibayar sun yi ƙaranci kuma ladan aikinsu ya yi tsada.