An ce Amin, amma wa zai kira shi ranar Litinin?

'Yan'uwa cikin Almasihu, akwai abin da muke yi a majami'a da ya kamata mu sake dubawa. Mai shaye-shaye ya fito gaban bagade da hawaye, an ɗora masa hannu, jama'a sun yi Halleluya, sai a sallame shi da "daga yau ka daina." Na gaskata Ubangiji yana 'yantarwa. Amma ga wanda ya shekara da shekaru yana shan giya kullum, wannan "daga yau" ɗin yana iya kai shi kabari.

Giya tana danne aikin ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar sai ta ƙara ƙaimi don ta daidaita. In aka janye giyar farat ɗaya, ƙaimin ya rasa mai tare shi. Awa 6 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe, karkarwa, gumi, amai da rashin barci suke farawa. Cikin kwana 2 na farko farfaɗiya na iya buge shi. Daga kwana na 2 zuwa na 4 wasu sukan ruɗe, zazzaɓi ya rufe su, su riƙa ganin abin da babu shi. Wannan aikin asibiti ne, ba na azumi ba. Haka ƙwayoyin barci irin diazepam: likita ne ke rage su kaɗan-kaɗan.

Masu tiramol, kodin da hiroyin kuwa, babban haɗarinsu yana wajen komawa. Bayan 'yan makonni babu sha, jiki ya daina jure adadin da ya saba. Mutum ya koma ya sha irin na da, numfashi ya tsaya. Duk inda ake samun naloxone, maganin gaggawa da ke dawo da numfashin wanda waɗannan ƙwayoyi suka yi wa yawa, iyali su ajiye shi a gida. Wanda likita ya ɗora a kan methadone ko buprenorphine kuma, wato magungunan da ke taimaka wa mutum ya bar irin waɗannan ƙwayoyi, kada wani dattijon ikilisiya ya ce masa rashin bangaskiya ne.

To, bayan makon farko fa? Nan ne aikinmu yake, nan ne kuma muka fi sakaci. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, ta mashaya masu taimakon juna su daina sha, ta samo asali ne a 1935 a Akron ta Amurka, lokacin da mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gane cewa yin magana da wanda ya san ciwon yana riƙe mutum. Daga wata ƙungiyar Kirista, Oxford Group, suka ɗauko tushen matakansu 12 na daina sha. A 1991 majami'ar Saddleback a Kalifoniya ta fara irin wannan ƙungiya mai suna Celebrate Recovery, wadda ke ambaton sunan Yesu a fili. Ba sabon abu suka ƙirƙiro ba. Yakubu 5:16 ta riga ta haɗa furta zunubi ga juna da yi wa juna addu'a, domin a warke.

Ƙaramar ikilisiya ma za ta iya. Zama sau ɗaya a mako aƙalla, rana ɗaya, wuri ɗaya, ko mutum uku ne suka zo. Maza daban, mata daban. Kowa ya yi maganar kansa minti 3 zuwa 5, ba katsewa, ba wa'azi. Kowane sabo a haɗa shi da abokin tafiya, jinsinsu ɗaya, wanda ya daɗe da dainawa, mai ɗaga waya ko da tsakar dare. Jarabar in ta motsa takan yi ƙarfi ta lafa, sau da yawa cikin rabin awa, don haka dokar ita ce: kira kafin ka sha, ba bayan ka sha ba. Mai neman dainawar ya rubuta mutane, wurare da lokutan da ke jan sa, ya goge lambar dila, ya kula da yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya. Ranar albashi, kuɗin ya kwana a hannun amintacce.

Abin da ya fi rusa irin wannan zumunta shi ne baki. Mutum ya buɗe cikinsa ranar Alhamis, ranar Lahadi ya ji labarinsa ya fito da sunan "roƙon addu'a." Ba zai sake dawowa ba, kuma da gaskiyarsa. Na biyu, gaggawar shaida: wata ɗaya da dainawa an miƙa masa makirufo, an tafa masa, in ya zame kunya ta hana shi shigowa. A bar shi ya yi shekara tukuna. A wurin Jibin Ubangiji ma, majami'ar da ke amfani da inabi mai sa maye ta tanadi ruwan inabi zalla.

In ya zame, a je gidansa a ranar, kada a jira ya kawo kansa. A tambaye shi me ya sha, nawa, yaushe, domin a san ko asibiti za a nufa. Sannan a zauna a bi sawun kwana ukun da suka gabata: wane zama ya tsallake, wa ya daina kira, me ya ɓoye. A gyara tsarin a daidai wurin da ya ɓalle, a faɗa masa ranar zama na gaba, wani kuma ya biyo ya ɗauke shi.