Hannun jari karsana ce, ba ragon layya ba

Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, muna kwashe kayan ɗakinsa sai muka ci karo da wata tsohuwar jakar fata a ƙasan akwatin ƙarfe. Muka zaci takardun gona ne. Ashe satifiket ne na hannun jari, wajen guda tara, wasu har sun fara ja don tsufa. Yayana ya juya su ya ce, "Wannan ai kuɗin da suka nutse ne tun 2008, a bar su kawai." Ni ban bar su ba, kuma abin da na gani ne ya sa nake wannan dogon rubutu.

Masu shekaru za su tuna lokacin. Bayan Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya ce kowane banki sai ya tara jarin naira biliyan 25, bankuna suka bazama suna tallan hannun jari kamar ana tallan ƙosai. Malamin makaranta ya saya, ɗan kasuwar Kwari ya saya, wasu ma bashi suka ci suka saya. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura maki 66,000, kafin shekara ta zagayo ya gangaro zuwa kusan 20,000. Mutane suka ƙone. Tun daga nan, in ka ambaci hannun jari a majalisa sai a yi maka kallon wanda zai ja mutane caca.

To ga abin da na tarar a jakar Baba. Biyu daga cikin kamfanonin sun mutu murus, babu ko ƙura. Amma sauran suna nan da ransu, shekara da shekaru suna raba riba, kuɗin na taruwa ba wanda ya je ya karɓa. Na sha wuya kafin su fito, don a wata takardar an rubuta sunansa Mohammed, a wata Muhammadu, ga takardar gado daga kotu, ga zirga-zirga wurin masu rajista, wato masu riƙe da sunayen masu hannun jarin kamfanoni, har takalmina ya san hanya. Da kuɗin suka shigo, Hajiya ta yi shiru, can ta ce, "Ashe Malam bai yi wauta ba."

Matsalarmu ita ce muna shiga wannan harka da tunanin mai turka rago: a saya bayan ƙaramar Sallah, a ɗura masa dusa, a sayar kafin layya. Shi kuwa hannun jari karsana ce. Shekarun farko ba abin da za ta ba ka sai ɗawainiya, daga baya ne take haihuwa, ga nono, 'ya'yanta ma su haihu. Rashin wannan haƙurin ne ya kai mutanenmu hannun 'yan damfarar ninka kuɗi na MMM a 2016, aka sake maimaitawa da CBEX a 2025. Wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda, ka tambaye shi me yake sayarwa. Kamfanin siminti dai ka san buhu yake sayarwa, kana ganin tirelolinsa a hanya.

Ku duba MTN. A ƙarshen 2021 aka sayar wa jama'a hannun jarinsa kan naira 169, mafi ƙaranci guda 20, wato ƙasa da dubu huɗu. Da naira ta faɗi, kamfanin ya tafka asara a 2023 da 2024, masu gajen haƙuri suka sayar suna Allah wadai. A 2025 farashin ya wuce naira 400. Ba wai ina cewa ku je ku saya ba ne, ni ba dillali ba ne, kuma abin da ya hau yana iya sauka gobe.

Na san tambayar da ke ran da yawanku, halas ne ko haram. Tambaya ce mai kyau, ku kai ta gaban malamai. Abin da na sani shi ne kasuwar tana da jeri na musamman na kamfanonin da aka tace bisa shari'a, wanda aka fara a 2012 tare da kamfanin zuba jari na Lotus Capital, babu masu giya, babu bankunan ruwa. Bankin Jaiz ma yana kasuwar tun 2017. Sai batun zakka, kada a manta da shi.

Masu cewa gara fili, ban musa ba, nima ina da ɗan fegi. Sai dai fili ba ya sayuwa da dubu goma. Kuma ajiye kuɗi a asusu lokacin da tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kamar yadda ta yi a 2024, daidai yake da zuba gero a rumbun da gara ta shiga.

Ni dai yanzu duk ƙarshen wata ina ware abin da ko ya ɓace tukunyar gidana ba za ta sauka ba, in saya ta hannun dillali mai lasisin SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari. Kuɗin makarantar yara ba ya shiga, bashi kuwa ko da wasa. Na tabbatar sunana iri ɗaya ne da na BVN, ribar tana faɗowa kai tsaye cikin asusuna. Lambar CSCS ɗina kuma, wato ta asusun da ake ajiye min hannun jarin, na rubuta ta a littafi na miƙa wa uwargida, na ce ta adana inda take ajiye sarƙarta.