Masana'antun Katsina: Wutar da ake biya ba duka take aiki ba

Tun watan Afrilun 2024 da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, kukan masu masana'antu a Katsina iri ɗaya ne: wuta ta yi tsada, dizal ya fi ƙarfinmu. Gaskiya suka faɗa. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne wutar da ake biyan kuɗinta kuma take tafiya a banza a cikin masana'antar kanta.

A shiga gidan casar shinkafa ko na matsar man gyaɗa a duba. Mafi yawan wutar masana'anta injinan da ke juya kayan aiki ne ke cinye ta, kusan kashi biyu cikin uku. Namu kuwa da yawa sun sha ƙonewa an kai an sake naɗa musu waya, kuma duk naɗin da bai yi kyau ba yana ƙara wa injin cin wuta, aikin yana nan yadda yake. Ga bel ya saki yana zamewa, ga ma'aikata sun fita sallar azahar an bar inji yana ta juyi babu komai a cikinsa.

Janareta ya fi ban takaici. Alhaji zai sayi babba saboda gobe, sai a kunna shi don inji ɗaya da fitilu. Janaretan dizal in bai ɗauki nauyin da ya dace da girmansa ba, man da yake sha kan kowane yunit ya fi yawa, kuma yana saurin lalacewa. Ƙaramin janareta na lokacin da aiki ya yi sauƙi zai fitar da kuɗinsa.

Masu turara shinkafa kuma suna da makamashi a bayan gida: ɓuntun da ake tarawa tsibi-tsibi. Yana iya maye gurbin itace a ƙarƙashin tukunya, a jihar da hamada ke matso ta daga arewa.

Wasu za su ce a sa sola kawai a huta. Ina goyon bayan sola, rana ba ta yi mana rowa ba. Sai dai wanda bai rage ɓarna ba, faranti da batirin da zai saya sun wuce buƙatarsa ta gaskiya, kuma da bashi.

Aikin farko aunawa ne: buhu nawa aka fitar yau, lita nawa aka ƙona, yunit nawa mita ta ci. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da takwararta ta tarayya da ke Daura suna da ɗaliban injiniyan lantarki masu neman wurin koyon aiki. Gwamnatin jiha ta haɗa su da ƙananan masana'antu su yi wannan awon tare da malamansu, sannan ta ba da rance mai sauƙi ga duk wanda awon ya nuna injinsa ya kamata a canza.