Motar Hajiya Ta Ɓace a Kwamfuta

Ofishinmu na hidimar masu Umara yana Shara Mansur a Makka, aikina kuwa shi ne zama gaban kwamfuta ina gadin motoci. Kowace bas da ta taso daga Madina tana da shafinta a manhajar kamfanin da muke haya, inda ɗan ɗigo ke rarrafe a kan taswira.

Ran nan cikin azumi motoci bakwai suka ɗauko mana baƙi. Na buɗe shafi shida a Chrome lafiya lau, duk sun bar Abyar Ali da harami. Na bakwai ya ce bai san zance ba. Fari fat, sai wani zobe da ke ta juyawa a sama. Kuma a duk motocin duniya, wannan ce ta ɗauko surukar maigidana.

"Malam, ina motar Hajiya?"

"Ranka ya daɗe, tana zuwa."

"Motar ko shafin?"

Na zare wayar intanet na mayar. Na hure bayan kwamfuta, duk da ban san amfanin hakan ba, na dai ga ana yi. Direba bai ɗaga waya ba, uwargida kuma sai kira take. Alhaji ya fara salati da ƙarfi. Cikin rawar hannu na rufe shafin mota ta uku, sai ga Hajiya ta bayyana tana sharara gudu a kan titin Hijira! Muka yi hamdala. Na sake buɗe ta uku, ita kuma ta ɓace da mutanen Gusau a ciki. Haka na wuni da ƙishirwa, in ceto wannan in salwantar da waccan.

Bayan la'asar ɗan yayan Alhaji da ke karatun kwamfuta a Jidda ya leƙo. Ya duba, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kawu, ba abin da ya sami motocinku. Burauza ce, wato Chrome ɗin nan, ba ta buɗe layi fiye da shida lokaci guda zuwa saba ɗaya, wato kwamfutar da ke aiko da shafukan, in dai sabar tana kan tsohon tsarin HTTP/1.1."

Ya ce shafin da aka saba gani yakan karɓi abinsa ya saki layi, shi ya sa ba a lura. Namu kuwa kowanne riƙe layinsa yake don jiran motsin mota, kamar famfon alwala shida da mutum shida suka zauna suka ƙi tashi. Na bakwai sai ya yi ta tsayuwa da hannun riga a naɗe. Wai ma an yi mana sassauci, don ƙa'idar tsarin ta 1999 layi biyu kacal ta ba da shawara. HTTP/2 da ya fito a 2015 yana cusa buƙatu da yawa ta layi ɗaya, amma kamfanin namu bai ji labari ba tukuna.

Maganin? Yaro ya buɗe Firefox, ya saka mota ta bakwai a can, don kowace burauza da nata shidan. Ko minti ɗaya bai yi ba. Ni da na kusa karya azumi da hawaye.

Da ya fita, Alhaji ya daɗe yana kallon ɗigon Hajiya yana matso Makka. Ya waiga ƙofa, ya rage murya.

"Ranar komawa, ka goge wannan Firefox ɗin. Tata kuma ka buɗe ta a ƙarshe."