Lissafin da ya ci ɗankwalin anko

Wallahi duk wanda ya ce lissafi baya haɗa faɗa a gidan aure, ya zo Tudun Wada ya same ni. 'Yar yayata ce take shirin WAEC, ta shigo da littafinta da yamma fuska a yamutse wai Kawu don Allah me ya sa x² − 25 yake zama (x − 5)(x + 5), malaminsu ya ce su haddace kawai, ita kuma da ta haddace sai ya zube a hanyar gida.

Toh ni dai tun sakandare ina ji da kaina a aljabra, na ce ai wannan ba abin hadda bane, abin gani ne da ido. Murabba'i ne babba ka cire ƙaramin murabba'i daga kusurwarsa, abin da ya rage ka yanka shi biyu ka jera, sai ya zama doguwar shimfiɗa, tsawonta jimillar ɓangarorin biyu, faɗinta kuma bambancinsu. Tace bata gane ba. Nace kawo almakashi.

Na duba falo babu kwali babu jarida, sai ga wani ƙyalle a kan kujera a ninke, na ɗauka ragowar ɗinki ne irin wanda tela yake dawowa da shi a leda. Na ɗauko tef na fitar da inci 30 kowane gefe, na ƙwaƙule inci 10 da 10 a kusurwa, 900 a cire 100 saura 800 kenan. Na raba ragowar, guntu ɗaya 30 da 20, ɗayan 10 da 20, na manna su gefe da gefe a kan tayil, sai ga 40 da 20 ɓaro-ɓaro, shima 800. Yarinya ta daka tsalle, wai ashe 40 ɗin 30 + 10 ne, 20 kuma 30 − 10! Nan take ta warware 9x² − 49 da kanta, (3x − 7)(3x + 7), ni kuma ina ta hura hanci har da ƙarin bayani wai idan alamar tarawa ce a tsakiya kamar x² + 25 to kar ma ta wahalar da kanta, baya rabuwa haka.

Muna cikin wannan uwargida ta fito daga kicin tana tambayar wa ya ga ɗankwalin ankonta na bikin ranar Asabar. Yarinyar nan ko sallama bata yi ba ta kwashe littafinta ta bi ƙofa. Na fara cewa ai ba wani abu da ya ɓata sosai, 800 ɗin na nan daram, tace toh maigida kai ka ɗaura 800 ɗin ka je bikin.

Washegari na hau keke sai Kasuwar Gumi da guntun ƙyalle a aljihu ina bin rumfa-rumfa, da ƙyar na samu irin zanen a can ciki, mai atamfar ya ce shi baya yanka ɗankwali, turmi guda yadi 6 ko in ƙara gaba. Na biya. Yanzu madam ta ce tunda yadi ya yi saura har da kuɗin ɗinkin sabuwar riga a wuyana.