Tsoratarwa Kaɗai Ba Ta Fitar da Dalma Daga Tsakar Gida

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF suka lura ƙananan yara na mutuwa fiye da kima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Sama da 400 suka rasu. Dutsen zinare ne mai ɗauke da dalma ake kawowa gida, a daka a turmi ko a kai injin niƙa, ƙurar ta kwanta a tsakar gida, mai rarrafe ya kwasa ya kai baki. A 2015 haka ta sake faruwa a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Ke nan munin labarin Zamfara bai zama kariya ga maƙwabta ba, kuma masu binciken yadda gargaɗi ke shiga kunnen jama'a ba za su yi mamaki ba.

Tun 1965 Howard Leventhal da abokan aikinsa suka gwada wannan a Jami'ar Yale ta Amurka. Sun raba wa ɗalibai takardun gargaɗi kan tetanus, cutar nan mai sarƙe haƙora: wasu masu hotuna masu tayar da hankali, wasu cikin lafazi mai sauƙi. Masu tsoratarwar sun fi sa ɗalibai cewa za su je a yi musu allura, amma a aikace ba su ƙara masu zuwa ba. Abin da ya yi aiki shi ne taswirar makaranta da aka zagaye asibiti a jikinta, da umarnin kowa ya duba jadawalinsa ya tsayar da lokaci. Kimanin kashi 28 cikin ɗari na waɗannan sun je, sauran kuwa kashi 3 kacal. Ɗaliban fa ba baƙin makarantar ba ne, balle a ce ba su san inda asibitin yake ba.

Masaniyar sadarwa Kim Witte ta fayyace dalilin a 1992. Wanda aka tsorata yana auna abu biyu: ko maganin da aka faɗa zai yi aiki, ko kuma shi zai iya yin sa. In ya ga zai iya, sai ya fuskanci haɗarin. In ya ga ba hali, sai ya koma kashe tsoron da ke ransa, ya ƙaryata, ya toshe kunne, ko ya zargi mai gargaɗin da wata manufa. Magidancin da zinare ya fi masa noman gero nesa ba kusa ba, aka ce masa "ku daina haƙa ko 'ya'yanku su mutu", ba a bar masa komai ba sai musu. Haramta haƙar ma ɓoye aikin yake jawowa, a ɓoye kuwa cikin gida ake yin sa.

Saƙon da ya dace gajere ne, kowace gaɓarsa aikin hannu ce. A fitar da daka da niƙa bayan gari. A jiƙa dutse kafin a niƙa don kwantar da ƙura. Tufafin aiki su kwana a wurin aiki, a yi wanka kafin a ɗauki yaro. Turmi, inji ko buhun da ya taɓa dutse ya rabu da hatsi ke nan. A wanke hannun yaro da sabulu kafin ya ci abinci. Bakin da ya faɗa ma yana da nauyi: hakimi da liman da shugaban masu haƙa su kama maza, mata kuma a aika musu mata 'yan'uwansu har cikin gida, tunda can turmin yake.

A guji cewa "kowa a garin nan a gida yake niƙa". Masanin halayyar ɗan Adam Robert Cialdini ya gwada irin wannan lafazi a wani gandun gwamnati a Arizona, inda allon da ke kukan yawan masu satar itacen da ya zama dutse ya fi jawo sata a kan wanda ya ce kawai kada a ɗauka. Mai sauraro ji yake abin ya zama ruwan dare.

Sai dai saƙo ba ya kwashe ƙasa. A Zamfara sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin a ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini, don yaron da ya koma gurɓataccen gida zai sake kwasa. Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan Anka da abin ya shafa, ta jira kuɗin wannan aiki har 2013. Uwar da aka yi ta ce wa ta wanke hannun ɗanta a waɗannan shekarun, alhali daɓen ɗakinta guba ne, tana da hujjar da za ta ƙi sauraron jami'in da zai zo mata da gargaɗi na gaba.